Wurin da Sannu Ya Riƙe a Layi

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Sannu, a gadon asibitin da ka yi jinyar ciwon ƙoda. Daga wurinSa ka zo, wurinSa ka koma, mu ma muna tafe. Ina tsaye a bayan kantar shagonmu ina gwada wa wata mata tabarau lokacin da yayanka ya kira ni a waya. Ya ce, "Malam, sai haƙuri, rai ya yi halinsa." Na ce to. Na ajiye wayar, na ƙarasa daidaita wa matar tabaraun a kan hancinta, na ce ta duba madubi ta ga ko ya zauna. Sai da ta fita na tuna ko salati ban yi ba.

Har yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, ba kuma ƙarfin tawakkali ba ne, kada wani ya yabe ni da abin da ba ni da shi. Zuciyata ce kawai ta yi shiru, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. A maƙabarta mutane na ta share hawaye, ni kuwa idona na kan tabaraun dattijon da ke yi mana addu'a. Na ga hannunsa na hagu ya karkace, ina ta tunanin da a shago muke da na miƙe masa shi.

Abu guda ne har yanzu yake motsa ni, shi ne ɗan aikin da ka bar mini kafin ka kwanta: in riƙe maka wurinka a cikin wani wasan kwamfuta, kada ya kuɓuce. Na san yadda wannan magana za ta sauka a kunnen jama'a. Mutum ya rasu ya bar uwa da mata da 'ya'ya, abokinsa kuma ya taso da zancen wasa. Masu karatu su yi mini afuwa, ban san wata hanyar da zan bi in faɗi ko kai wane ne ba sai ta nan.

A shagon tabarau muka yi aiki tare tun gemunmu yana baƙi. Ni ina gaba, wurin kanta da madubai da kwastomomi. Kai kana ɗakin baya, kai da injin yankan gilashi, da na'urar ɗumama firam, da ƙananan sukudirebobin nan da ka hana kowa taɓawa. Sannu ba sunanka na yanka ba ne. Ni na laƙaba maka shi, don komai naka a hankali yake, tafiya da magana da cin abinci, har mai shagon ya kama, har matarka ta kama. Kai kuma ka rama, kana kirana Wutar Kara. Ban taɓa musa maka ba.

Na tuna wata dattijuwa da ta yi ta dawo mana da tabaraunta tana cewa a karkace yake. Tabarau lafiyarsa ƙalau, kunnenta ɗaya ne ya fi ɗaya bisa. Na buɗe baki ke nan zan faɗa mata gaskiya sai ga ka ka fito daga ɗakin baya kana goge hannu. Ka ce, "Laifin firam ɗin ne, Mama, kawo." Ka ɗumama hannu ɗaya ka lanƙwasa shi da gangan, ka karkata abin da yake daidai don ya zauna mata daidai. Da ta tafi ka dube ni ka ce, "Wutar Kara, ta kai waɗannan shekaru ba ta san kunnuwanta sun saɓa ba, kai ne za ka ba ta labari?"

Akwai kuma tsohon nan da ya zo da firam ɗin marigayiyar matarsa, shuɗi mai 'yan duwatsu a gefe, ya ce shi a ciki yake so a sa masa gilashinsa. Na ce ba zai yiwu ba, ya yi masa kaɗan, injin ma ba zai kama ba. Ka karɓa ka shige ɗakin baya. Ranar ba ka ci abincin rana ba, da hannu ka yi ta gugar gefen gilashin har ya shiga. Tsoho ya fita da tabaraun mata a fuska yana tafe kamar ango. Na yi dariya har da riƙe ciki, kai kuwa ka koma bakin injinka.

Da rana, idan mun sauke rabin ƙofar shago don hutu, kakan jawo tsohuwar kwamfutarka ta tafi-da-gidanka daga ƙarƙashin tebur. Ba ƙwallo kake bugawa ba, ba kuma harbe-harben nan da samari ke kwana a kai ba. Wasu ƙananan wasanni kake tonowa daga lungunan intanet, waɗanda mutum ɗaya ya zauna a ɗakinsa ya ƙera, ba kamfani, ba talla, wani ma zanensa kamar na ɗan firamare. Nakan ce kai a juji kake kiwo. Kakan ce ai a juji ake tsintar abin da kasuwa ba ta san kuɗinsa ba.

Na farkon da ka tilasta mini na gwada, takalmi ne kai a cikinsa, ƙafar hagu, an tuɓe ka a ƙofar wani taro, ɗan'uwanka ya ɓace cikin tarin takalma. Sai ka yi ta tsalle kana nemansa kafin a tashi daga taron. Na ce wannan ai hauka ne da lasin. Amma da mutanen suka fara fitowa ban sami ƙafar dama ba, na ji gabana na faɗuwa saboda takalmi, ni da furfurata. Wani kuma kujera ce kai a ɗakin jiran likita, ba abin da kake iyawa sai ƙara. In ka yi ƙarar da yawa mai tsoron allura ya tashi ya gudu, in ka yi shiru barci ya ɗauke shi a kira sunansa bai ji ba. Wannan na ƙi jininsa, kuma sai da na kai ƙarshensa.

Wanda ya fi tona mini asiri shi ne na direban bas. Kana tsaye a tashar ƙarshe, ba fasinja, sai wata tsohuwa can nesa tana tahowa da sanda. Maɓalli ɗaya ne a duk wasan, na hon. In ka danna, tsohuwa ta tsaya, ta dube ka, ta juya ta koma gida. Ban san sau nawa na kore ta ba. Kana zaune a gefena kana cin burodinka, har na gane da kaina cewa cin wasan shi ne ka naɗe hannu. Ranar da ta iso ta hau, ta zauna a kujerar bayana ta ajiye sandarta, na juyo na dube ka. Ka ce, "Ka gani? Sauri ya haifi nawa." Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tun daga nan ni ma na fara tambayarka ko ka samo wani sabo.

Kana da wata ɗabi'a da ban ga kowa da ita ba. In wasa ya ƙare, sunayen waɗanda suka yi shi suka fara hawa allo, ba ka taɓa tsallakewa. Sau da yawa suna ɗaya ne, wani lokaci biyu, wani har da godiya ga kyanwarsa. Sai ka karanta a fili, ko da harshenka na tuntuɓe, sannan ka ce, "Allah Ya biya." In na yi maka tsiya kakan ce mutum ya ɓata shekara don ka yi murmushi a hutun rana, ai ya ci a san sunansa.

Bara ka samo wasan layi. Kana wucewa ta gefen wani dogon layi, wanda ba a ganin farkonsa, ba a kuma san abin da ake jira ba, sai wani mutum mai doguwar laima ya fito ya ce, "Don Allah riƙe mini wurina, yanzu zan dawo." In ka danna to, shi ke nan ka shiga. Layin kuwa da ranar gaske yake tafiya. Kullum tsakanin fitowar rana da faɗuwarta sai ka buɗe wasan ka taka taku ɗaya. In rana ta faɗi ba ka taka ba, na baya su rufe wurin, mai laima kuma ko ya dawo ba zai same ka ba. Wanda ya ƙera shi ya ɗaure shi a na'ura ɗaya, ba a kwashe shi a kai wata, bai kuma faɗi ranar da mutumin zai dawo ba.

Ni na fara nawa a kwamfutar gida, na manta da shi a mako na biyu. Kai ba ka taɓa fashi ba. Ka san duk maƙwabtanka na layi: matar da ke gabanka ɗauke da ƙofar gidanta a ka, don kada ɓarayi su shiga, kifin nan mai kwat da ke ƙorafin zafi, wasu tagwaye masu gardama a kan ko layin na burodi ne ko na hukunci. Kullum da sabuwar maganar da ɗayansu zai yi, kullum sai ka leƙo kanta ka ba ni labari kamar zancen 'yan unguwa. Na taɓa ce maka mai laiman nan fa ya yi maka sakiyar da ba ruwa. Ka ce, "Wataƙila. Amma ni na ce to."

Da ciwo ya yi nauyi aka fara yi maka wankin ƙoda, da kwamfutar kake tafiya asibiti, kana takawa da hannun da ba a sa wa allura ba. Ka rame har agogonka na zamewa, amma ba ka daina zuwa shago ba sai da tsayuwa a bakin inji ta gagare ka. Ranar da za a kwantar da kai kwanciyar ƙarshe ka sa aka biyo da kai ta shago. Ba ka iya fitowa daga mota ba, ta taga ka miƙo mini kwamfutar da cajarta a naɗe. Ka ce, "Wutar Kara, ka taka mini. Taku ɗaya ne, kada ka yi zuciya." Na ce sai dai in ka warke ka biya ni ladan gadi. Na ajiye ta a ɗakin baya, a inda ka saba ajiyewa, ina takawa kowace safiya kafin in buɗe ƙofa. Safiyar Larabar ma na taka, kana da rai a lokacin.

Washegari na wuni a gidanku wurin karɓar gaisuwa, ina amsa "ya haƙuri" da baki kawai. Bayan la'asar na zame na tafi shago. Na tarar da ƙarƙashin teburin wayam. Mai shagon ya ce da safe yayanka ya aiko, shi kuma ya haɗa duk kayanka a kwali ya bayar, har kwamfutar. Ban ji haushi ba, ban ji tsoro ba. Na leƙa waje na ga inda rana take, na juya na koma gidanku.

Na ja yayanka gefe a bakin ƙofar falo na ce kwamfutar nake so na ɗan lokaci.

Ya ce, "Malam, ai kayan marayu ne yanzu, ba mai taɓawa sai an raba. Me za ka yi da ita?"

Na ce, "Gem zan buga, Yaya."

Mutumin kirki ne, ka sani, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "Jiya fa aka binne shi."

Na ce, "Na sani, ina wurin."

Ya kamata kunya ta kashe ni a nan, amma ko a jikina. Muryarmu ce ta ɗan tashi, har Umma, mahaifiyarka, ta jiyo daga ciki ta ce a shigo da ni. Na shiga na durƙusa a gabanta, falo cike da mata, matarka na can kusurwa a lulluɓe. Umma fa ita ce wadda duk lokacin da ka buɗe kwamfutar nan a gabanta sai ta ce maka, "Auta, ajiye abin yaran nan, 'ya'yanka ma sun fi ka hankali." Na san da wa nake magana. Na faɗa mata komai, layin da mai laima da takun, da abin da ka ce mini ta tagar mota, da cewa in rana ta faɗi an gama.

Ta saurara har na kai aya. Sannan ta ce, "Shi mutumin nan, na gaske ne?"

"A'a, Umma, zane ne."

"Layin fa?"

"Shi ma zane ne."

"Amma Auta da bakinsa ya ce zai riƙe masa?"

"Da yatsansa ya danna to, Umma."

Ta murza carbinta. Can ta ce, "Ai yatsan na gaske ne." Ta juya wurin yayanka ta ce, "Ɗauko. Alkawari kaya ne, ba zan bari ya kwana da shi a ka ba."

Aka kawo kwalin. Kwamfutar ba wuta, sai da muka zazzage komai a tsakar falo muna neman caja, ga kofin shayinka, ga silifas ɗinka na shago, ga sukudirebobin nan suna gangarawa ƙarƙashin kujera. Hasken taga ya fara yin ja kafin ta kama. Da layin ya bayyana, matan suka matso, wasu na toshe baki, ban sani ba ko dariya ce ko takaici. Sai muryar matarka ta fito daga kusurwa, karo na farko da na ji ta tun rasuwar. Ta ce, "Ga shi can, mai koriyar riga. Ga matar ƙofar nan a gabansa, kullum sai ya nuna mini ita." Ta fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya, aka riƙe ta.

Na kai hannu zan danna, Umma ta ce, "Tsaya. Nuna mini wurin." Na nuna mata. Ta gyara tabaraunta, ta sa yatsa ta danna da ƙarfi kamar mai dangwala wa takarda hannu. Mai koriyar riga ya taka taku ɗaya ya tsaya.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Na yau ke nan, Umma."

Ta ce a kai kwamfutar ɗakinta, ba ta zama kayan gado ba sai an sauke amanar da ke cikinta. Yayanka da kansa ya ɗauka ya kai.

Tun daga ranar nakan biya ta gidan kowace safiya kafin in wuce shago. Ni ke kunnawa, ita ke dannawa. Ta fara sanin mutanen layin. Kifin mai kwat ba ya burge ta, ta ce ƙorafinsa ya yi yawa, matar ƙofa kuwa ta ce mai hankali ce. Ba ma zancenka. Mu taka, in rufe, ta ce Allah Ya yi mini albarka, in tafi in buɗe shago in tarar da ɗakin baya shiru. Mai shagon ya ce za a kawo wani a kan injin. Na ce to.

Shekaranjiya, bayan mun taka, ba ta ɗauke hannunta ba. Ta ce, "Ɗan nan, in mai laimar ya dawo, wa zai gaya masa?"

Na ce, "Ba a yi wasan da wurin faɗin haka ba, Umma. Zai ga mutum tsaye a wurinsa, ya yi godiya."

"Ashe zai ɗauka Auta ne."

"Haka zai ɗauka."

Ta ɗauke hannunta daga kan kwamfutar. Sannan ta ce, "To a bar shi ya ɗauka."

Na fito na tsaya a ƙofar gida. Duk wanda ya san ka ya ji labari, Sannu, kwastomomi da maƙwabta da ma'aikatan asibiti, har tsohon nan mai shuɗin tabarau ya zo gaisuwa. Mutum ɗaya ne ya rage da bai ji ba, shi ma zane ne, yana can wani wuri da laimarsa yana da tabbacin kana tsaye kana jiransa. Na yi masa hassada. Wannan ne abu na farko da na ji sosai tun ranar Laraba, na kuma daɗe a tsaye kafin ƙafata ta yarda ta kama hanyar shago.

Allah Ya jiƙanka, Sannu. Allah Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata maka kabarinka Ya haskaka shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, wadda ta binne autanta, Allah Ya ba ta juriyar da ba mai bayarwa sai Shi. Ina miƙa ta ga matarka da 'ya'yanka, Allah Ya zama gatansu, Ya raya su a kan halinka. Ina miƙa ta ga Yaya da sauran dangi, da mai shagonmu, da duk wanda yake gani da gilashin da ka yanka. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu zuwan.

Ka riƙe wa wanda ba ka sani ba wuri har ƙarfinka ya ƙare. Allah Ya sa ka tarar an riƙe maka naka a Aljanna, amin.